Kowa na yaba ɗinkina, amma ciniki na ja da baya

Wani tela daga Tudun Wada ya aiko da tambaya: "Malam, duk wanda ya karɓi ɗinkinsa sai ya ce madalla, amma Sallar bana ban ɗinka rabin na bara ba. Ina son cin bashi in sayo sabon keken surfani. Me ka gani?"

Ɗan'uwa, dakata da bashin nan tukuna. Yabon da kake ji daga bakin waɗanda suka dawo yake fitowa. Wanda wuyan rigarsa ya matse, kara ba za ta bar shi ya faɗa maka ba. Zai ce Allah ya saka da alheri, gobe ya kai shaddarsa wani shago a Kawo. Zuciya kuwa yabon take riƙewa, ta manta da waɗanda suka yi shiru.

A Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka sun riƙa duba ramukan harsashi a jikin jiragen da suka dawo, don sanin inda za a ƙara sulke. A 1943 masanin lissafi Abraham Wald ya nuna cewa wurin da ba a cika ganin rami ba, kamar inji, shi ne abin tsoro, domin jirgin da aka harba a nan bai dawo ba balle a duba shi.

To, ɗauko littafin awonka. Ware mutum 10 da suka shekara ba su leƙo ba, ka kira su. Ka saurara kawai, don Allah kada ka kare kanka, nan ne mafi wuya. Abin da suka faɗa, ka bi shi da "me ya sa" har sau biyar, kamar yadda Taiichi Ohno, wani injiniya ɗan Japan, ya koyar a kamfanin motoci na Toyota. Wuya ya matse, me ya sa? Yaro ne ya yanka. Me ya sa ya kuskure? An rubuta awon a guntun kwali, alƙaluman sun goge. Ka ga yaron ba shi da laifi, keken ma haka.

Gyara abu ɗaya tak, ka yi mako 4 kana ƙirga kayan da aka dawo da su gyara. Idan saɓa alkawari suka fi kuka da shi, wanda shi nake zato, rage karɓar ɗinki idan azumi ya kai 15. In kuwa yawancinsu surfanin suka ambata, ka sake rubuto mini mu yi lissafin bashin tare.