Kafin a Kama Ɗaki ga Mai Keken Guragu

Tambaya: Mahaifina yana amfani da keken guragu, kuma muna shirin kai shi wani babban wurin shaƙatawa a Amurka mai otal a cikinsa. Me ya kamata mu tabbatar kafin mu biya kuɗin ɗaki?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Dokar kare haƙƙin masu naƙasa ta Amurka, wadda aka kafa a 1990, ta wajabta wa otal-otal tanadar ɗakuna na musamman, amma ɗakunan ba iri ɗaya ba ne, don haka ki kira su ki yi tambaya dalla-dalla. A ganina banɗaki ne ya fi muhimmanci. Ki nemi wanda ake tura keke har ƙarƙashin shawa ba tare da dakali ba, mai kujerar zama da ƙarafan riƙewa a bango, domin wasu ɗakunan baho kawai gare su. Faɗin ƙofa kada ya gaza inci 32. Ki tambayi tsayin gado ma, saboda katifa mai tudu tana wahalar da mai tasowa daga keke. Sannan ki tabbatar motocin da ke kai baƙi wurin shaƙatawar suna da gangaren tura keke, kuma a rubuto miki tabbacin ɗakin.