Fatawa: Hukuncin Sake Amfani da Gorunan Roba da Jarkoki a Gida

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce a nan Kano, ina ɗan taɓa sana'ar zoɓo da kunun aya a cikin gida. Gorunan da nake ɗurawa a ciki ina sayensu ne a hannun yaran da ke tsintowa daga wuraren biki, in wanke in yi amfani da su. Uwar mijina ta ce ita ba za ta sha ba, wai ban san bakin da ya taɓa gorar ba, ko na Musulmi ne ko ba Musulmi ba, ko ma na mashayin giya, saboda haka najasa ce, kuɗin da nake samu ma akwai shubuha a cikinsu. Maganar ta tsaya mini a rai. Sannan maigidana ya dawo da jarkar maganin feshi daga gona, ya wanke ta tas da omo, ya ce mu riƙa zuba man gyaɗa a ciki. Muna kuma da tsohuwar jarkar manja da muke tara ruwan alwala, da robobin abincin biki da nake zuba wa yara abincin makaranta. Ina neman haske a kan waɗannan duka. Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, sake amfani da gora ko roba ko jarka bayan abin cikinta ya ƙare a asali halal ne. Allah ya faɗa a aya ta 29 ta Suratul Baƙara cewa shi ne ya halitta mana abin da ke bayan ƙasa gaba ɗaya, don haka wanda ya ce haramun ne shi za a nema wa hujja. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wata tunkiya da ta mutu, wadda aka bai wa baiwar Nana Maimuna sadaka, sai ya ce me ya hana a ɗauki fatarta a amfana da ita. Aka ce ai mushe ce. Ya ce cinta kaɗai aka haramta. In har fatar mushe ba a so a yar da ita a banza, ina ga gorar da ruwan sha ne kawai ya fita daga cikinta? Iyayenmu ma haka suka rayu tun roba ba ta shigo ba, gwangwanin madara ya koma aci-balbal, ƙwarya ta tsage a kai wa gyartai.

Maganar Hajiya, uwar mijinki, tsantseni ce, kuma a gode mata, amma fiƙihu bai goya mata baya ba. Shehu Halil a cikin Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya lissafa duk mai rai a cikin abubuwa masu tsarki, tare da hawayensa da guminsa da yawunsa da majinarsa, bai ware Musulmi daban ba. Abin da ya ambata da karhanci shi ne yin tsarki da ragowar ruwan da mashayin giya ya sha, ke kuwa ba ragowar kowa kike sayarwa ba, gora ce kika zubar da abin cikinta kika wanke. Sahabi Abu Sa'alaba Alhushani ya yi kusan irin tambayarki. Ya ce wa Annabi (SAW) suna zaune a ƙasar Ahlul Kitabi, ko za su ci abinci a ƙorensu? Aka ce masa in sun sami wasu kada su ci a ciki, in ba su samu ba su wanke su ci. A ruwayar Abu Dawuda an bayyana cewa mutanen suna dafa alade a tukwanensu, suna shan giya a ƙorensu. Duk da haka ruwa aka ce a sa. Kuma zato ba ya najasta abu. Gorar da ba ki ga komai a cikinta ba, ba ki ji warin komai ba, tana nan a kan tsarkinta na asali.

Akwai wani hadisi da ya fi kowanne kusa da sana'arki. Lokacin da tawagar ƙabilar Abdul Ƙaisi ta zo Madina, Annabi (SAW) ya hana su jiƙa dabino a mazubai huɗu: duma, da koren tulu, da kututturen dabinon da aka rarake, da mazubin da aka shafe da kwalta. Dalili shi ne tsimi yana saurin juyewa a cikinsu ba tare da mai shi ya ankara ba. Daga baya, a hadisin Buraida da Muslim ya ruwaito, ya ɗage hanin, ya ce mazubi ba ya halasta abu kuma ba ya haramta shi, duk abin da ke bugarwa ne haramun. Imamu Malik ya ci gaba da ƙyamar biyu daga ciki, duma da mai kwalta, shi ya sa masu karatun Risala suke cin karo da maganar a babin yanka da abinci da abin sha. Duk mai sayar da kunun aya ta san abin da ake nufi. Ki ɗura shi da safe a watan Afrilu, wuta ta ɗauke, kafin la'asar gora ta kumbura, ana murɗa murfi ta yi tsaki. Tsami kaɗai ba ya haramta abin sha sai in ya kai ga bugarwa, amma kunun da ya lalace har zai iya ɓata wa mutum ciki bai halatta ki sayar ba, ko da za ki yi asarar uwar kuɗi.

In kuwa kin tabbatar najasa ta shiga gorar, giya ce ko fitsari, ruwa yana tsarkake ta. A zubar, a wanke har ruwan ya riƙa fitowa garau. Halil ya keɓe tukunyar ƙasa wadda najasa ta ratsa jikinta, ya ce ita ba ta tsarkaka, amma gorar ruwa jikinta sumul ne, ta fi kama da kwalba. Wannan hukuncin tsarki ne. Shawarata dabam take: gorar da kika ji zarnin fitsari a cikinta ki jefar, ba ta kai kuɗin da za ki tsaya kina kankara ba.

Yanzu ga inda na fi so ki natsu, batun jarkar maigida. Mutanenmu da yawa sun ɗauka duk abin da ba najasa ba ne, to shi ke nan. Maganin feshi ba najasa ba ne a ma'aunin fiƙihu, in ya ɗiga a rigar manomi ya yi salla da ita sallarsa ta yi. Amma zuba man gyaɗa ko ruwan sha a jarkarsa haramun ne, kuma ba na sassauta kalmar. Gorar giya an wanke ta halatta, jarkar guba an wanke ba ta halatta ba, domin a nan ƙofar cutarwa aka shiga. Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, Allah kuma ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a aya ta 195 ta Baƙara. Masana sun tabbatar cewa irin wannan magani yana shiga jikin robar, omo ba ya kai masa, mai kuwa ya fi ruwa iya janyo shi waje. Abin da malaman gona suke koyarwa shi ne a ɗauraye jarkar sau 3, a juye ruwan ɗaurayar a cikin injin feshi, sannan a huda ta yadda ba wanda zai sake tara komai a ciki. Hudawar tana da muhimmanci, don in kin yar da ita lafiyayya wani ne zai tsinta ya kai wa iyalinsa, ko ya sayar wa mai manja a kasuwa. Ki faɗa wa maigida wannan cikin ladabi, in ya so ki nuna masa amsar nan. Biyayyar aure ba ta kai ga ciyar da yara guba ba, kuma na tabbata neman sauƙi ne ya sa shi.

Juyin wannan ma haramun ne, wato zuba guba a gorar abin sha. Na taɓa zuwa dubiya wani gida a unguwarmu, yaro ɗan shekara 2 ya ɗauki gorar lemo a bayan ƙofa ya kafa kai, ashe kalanzir ne. Uwar tana tsakar gida tana wanke-wanke, tarin da ya sarƙe shi ne ya sa ta waiwaya. Allah ya yi da sauran kwana, amma sai da suka yi kwanaki a asibiti. Har na fito gorar tana nan a gindin randa da hoton lemo a jikinta. Kalanzir, fetur, fiya-fiya, ruwan batir, maganin cire datti a farin kaya, duk wanda ya zuba su a gorar da yaro ya saba gani da abin sha, ya kuma ajiye inda hannunsa zai kai, ya yi sakacin da za a tambaye shi a kai. In tsautsayi ya faɗa, kada a ɗura wa yaro manja, kada a sa masa yatsa don ya yi amai, domin kalanzir in ya dawo huhu yake shiga. A ɗauke shi da gorar a tafi asibiti.

Robobin abinci kuwa hukuncinsu yana bin gwargwadon cutarsu. Ki juya gindin roba, sau da yawa za ki ga lamba a cikin ɗan zane mai kusurwa uku. Gorar ruwa da ta lemo lamba 1 ce, ba a yi ta don zafi ba, tun wajen digiri 70 take fara laushi, shi ya sa in an ɗura mata kunu da zafinsa take motsewa. A bari ya huce. Mai lamba 5 ta fi jure zafi, ita ta dace da abincin yara. Farar nan mara nauyi mai kama da soso, lamba 6, wadda gwamnatin Legas ta hana a watan Janairun 2024, ba ta wankuwa da kyau, mai da zafi suna cin jikinta, ita kam a bar ta. Ba zan ce miki wanda ya zuba shinkafa mai ɗumi a robar biki ya yi zunubi ba, don cutar a nan ba a fili take ba kamar ta jarkar feshi. Barin abin da ake kokwanto ya fi, musamman robar da ta kakkarce ko ta yi gansakuka. Ajiye kuka da yaji da daddawa da busasshiyar kuɓewa a cikinsu kuwa babu komai, ya ma fi barinsu a buɗe, tunda an umarce mu da rufe ƙore.

Kuɗin sana'arki halal ne matuƙar kin tsare amanar masu saye. Kin san hadisin mai tulin hatsi, wanda Annabi (SAW) ya cusa hannu ya ji lema a ƙasa, ya ce me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Lemar da ke ɓoye a sana'arki ita ce wankin gora. Mai saye yana ganin jan zoɓo da raɓar ƙanƙara, bai ga bahon da aka wanke goruna hamsin a ruwa ɗaya ba. Ki wanke da sabulu ko omo, ki zuba 'yar tsakuwa mai tsabta ki jijjiga, ki ɗauraye da ruwa mai kyau, ki kife su su tsane. Ki duba zaren murfi da bakin gora, nan baƙin datti yake maƙalewa. Amai da gudawa da taifot ta irin wannan hanya suke yawo. Ki kuma san yaran da kike saye a hannunsu. Gorar da aka kwaso daga teburin biki dabam take da wadda aka zaƙulo a kwata ko a bolar asibiti, ga kuma matasan da ke haɗa kayan maye a gorar lemo. Wadda kika san daga irin wuraren nan ta fito kada ki karɓa, ko kyauta ce. Takardar kamfani da ke jikin gora ba ta sa cinikinki ya zama ha'inci, tunda kowa ya san zoɓon gida ne, kodayake ɓare ta ya fi tsabta. Ha'inci shi ne a ɗura ruwan famfo a liƙe murfi a sayar da sunan ruwan kamfani.

Saura jarkar manja. A mazhabar Malikiyya, ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da wani abu mai tsarki da ya cakuɗa da shi, ana girki da wanke-wanke da shi, amma ba a alwala ko wankan janaba. Ki zuba kaɗan a farin kofi ki duba. In bai yi ja ba, ba ki ji manja a baki ko a hanci ba, alwalarku ta yi, ko da jikin jarkar ya rine. In ya jirkita, ki jiƙa ta da ruwan zafi da toka ko omo har ta saki, ko ki mayar da ita ta ruwan wanki. Sallolin baya da ba ku tabbatar ruwan ya canza ba, babu ramuwa a kansu. Ko ya ɗan canza ma, Hanafiyya suna ganin ingancin alwala muddin ruwan ne ya rinjaya, kuma akwai yalwa a cikin hakan ga abin da ya riga ya wuce.

Ita kuma Hajiya kada ki ja da ita, kada ki kai mata amsar nan kamar kin ci shari'a. Mutum yana da damar ƙin abin da ransa bai kwanta da shi ba, Annabi (SAW) da kansa ya ƙi cin damo a gaban Halid ɗan Walid, bai kuma haramta shi ba. Ki riƙa ɗebar mata nata a jug ko kwanon sha tun kafin ki fara ɗuri.

Wallahu a'alamu.