Amsar Gwaggo Kan Cakulan da Auren Wa da Ƙanwa a Vampire Knight

Uwata,

Saƙonki ya iso tun daren Laraba. Sau biyu na saurare shi, don a karon farko dariya ce ta hana ni jin ƙarshensa. Wai ke da ƙawayenki kun raba dare kuna musu a kan Vampire Knight, fim ɗin zanen nan na Japan mai labarin masu shan jini, kuma tunda Gwaggo ta yi zaman shekara uku a Japan, ita za ta raba gardama. Da na tsince tsakuwa daga cikin surutunki, abin da kike son sani shi ne: da gaske ne a can mace ce ke kai wa namiji kyautar soyayya? Da gaske ne wa yana auren ƙanwarsa, kamar yadda aka ce Yuki, jarumar labarin, matar yayanta Kaname ce tun daga haihuwa? Sannan waɗannan masu shan jinin, su ne mayun Japan?

Kafin komai, ki sani abin da kika kalla a waya rabin labari ne. Asalinsa littafin zane ne, irin wanda suke kira manga. Wata mata ce mai suna Matsuri Hino, 'yar Sapporo can arewacin ƙasar inda dusar ƙanƙara ke binne motoci, ta zana shi babi-babi a wata mujallar 'yan mata da ake kira LaLa, tun daga ƙarshen 2004 har zuwa 2013. Da aka tattara, littafi 19 ya tashi. Fim ɗin zanen da kamfanin Studio Deen ya yi a 2008, zango biyu ne, kowanne kashi 13, kuma a wajen tsakiyar labarin ya tsaya. Muna Nagoya a lokacin. 'Yar maƙwabciyata, yarinya 'yar sakandare, ita ce ta fara ɗora mini littafin a cinya. Na buɗe shi ta hagu kamar littafin boko, ta kama dariya, ta juya mini shi. Ashe daga dama ake farawa, kamar allo. Na ce mata ai wannan karatun mun riga ku iyawa.

To, batun cakulan gaskiya ne, kuma ni ganau ce ba jiyau ba.

A shekararmu ta farko, ranar 14 ga Fabrairu, wato ranar masoya, maigidana ya dawo daga ɗakin bincikensu da wani ɗan kwali naɗe da jan ƙyalle, an ɗaure shi da zare mai walƙiya. Ya ajiye a kan tebur kamar bai yi komai ba. Na ce wa ya ba ka? Ya ce sakatariyarsu. Uwata, ranar tuwon da na tuƙa ko kare ba zai ci ba. Washegari na ɗauki kwalin na nufi wajen maƙwabciyata, da guntun Japanancina da nuni da hannu na kai ƙara. Ta juya kwalin, ta duba tambarin shagon, ta ce "giri, giri", tana kaɗa hannu a gaban hancinta, yadda suke yi in suna nufin a'a. Giri shi ne abin da ya zama wajibin zaman tare, irin bikin da kike zuwa ba don kina so ba sai don kada a ce ba ki zo ba. Sakatariyar nan kowane namiji a ofis ta ba shi irin wannan kwalin, har da tsohon da ke gadin ƙofa. Shi ake kira giri-choko. Wanda ake ba masoyi na gaskiya sunansa honmei-choko, kuma ana gane shi: ko dai mai tsada ne, ko kuma yarinya ta tsaya a kicin ta narka ta zuba da hannunta.

Yanzu koma ki sake kallon wancan kashin da 'yan matan ajin rana suka yi cincirindo a bakin ƙofa da magariba, suna jiran fitowar 'yan ajin dare masu fararen kaya, wato masu shan jinin da ke makarantar. Marubuciyar ta sauya wa ranar suna kawai, amma al'adar ce sak. Ki lura da Yuki. Na kwali na Kaname ne, amma ɗan ƙwaya ɗayan da ta yi da hannunta, wanda shi kaɗai ya yi kyau, a bakin wa ya ƙare? A bakin Zero, yaron da suka tashi tare a gida ɗaya. Duk yarinyar Japan da ta karanta wannan shafin ta san an jefa mata magana a fakaice. Ku da kuka kalla daga nan, sai ya wuce ku kamar iska.

Amma kada ki ɗauka wannan al'ada ce ta kaka da kakanni. 'Yan kasuwa ne suka haife ta. Wani kamfanin kayan zaƙi na Kobe mai suna Morozoff ya fara tallata cakulan na wannan rana tun 1936, wani kuma ya gwada a wani babban kanti na Tokyo a 1958, sai a shekarun 1970 abin ya kama 'yan makaranta. Da masu alewa suka ga ciniki ya faɗa, sai suka ƙirƙiro ranar ramuwa, 14 ga Maris, wadda suke kira White Day, inda namiji zai mayar da biki. Har ana cewa ya kamata abin da zai mayar ya ninka sau uku. Nan ne na rama haushina, don da kaina na raka maigidan kanti, na tsaya ina kallonsa yana ƙirga kuɗin tallafin karatunsa yana saya wa sakatariya biskit. Shi kuwa kwalin farko ba mu ma ci ba: da aka karanta mana bayansa, ashe da giya a ciki. Matan can su ma da yawa sun gaji da giri ɗin. A 2018 kamfanin Godiva, mai sayar da cakulan da kansa, ya sayi shafin jarida yana cewa a daina.

Akwai wata al'adar da ba ki tambaya ba, kuma a ganina ta fi cakulan nauyi, wato kiran suna. Ki kasa kunne ki ji yadda Yuki ke kiran samarin nan biyu. Zero, gatsal take kiransa, ba ƙari. Kaname kuwa sai ta ce Kaname-senpai, wato na gaba da ni a makaranta, kamar yadda za ki ce Yaya wane. 'Yan ajin dare kuma Kaname-sama suke cewa, wanda ya kusa da "ranka ya daɗe". A Japan kiran mutum da sunansa tsirara ba ƙaramin abu ba ne. Ko dai kun shaƙu ƙwarai, ko kuma raini ne. Na zauna da maƙwabciyar nan shekara uku, mun ci abinci a kwano ɗaya, amma ban taɓa kiranta ba tare da "san" na girmamawa a ƙarshen sunan gidansu ba. Wannan bai ba ni wahala ba, ni da na tashi a gidan da kakarki, mai sunanki, ta rasu ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, kuma ɗan farinta sai dai ta ce "wannan yaron". Saboda haka tun kafin a gaya miki komai, bakin Yuki ya riga ya tona: ɗaya tana ɗaga kai ta dube shi, ɗaya kuma kafaɗa da kafaɗa suke. Daga baya da ta koma ce wa Kaname onii-sama, wato babban yaya cikin girmamawa, ai kin ga inda gizo ke saƙa.

Shi ne ya kawo mu ga abin da ya tayar miki da hankali.

A'a, Uwata. Mutanen Japan ba sa auren ƙannensu. Dokar ƙasar, sashe na 734 na kundin dokokin zaman jama'a, ta hana aure tsakanin iyaye da 'ya'ya har jikoki, ta hana tsakanin wa da ƙanwa, ta hana tsakanin kawu ko baffa da 'yar ɗan'uwansa. Abin da ta bari shi ne 'ya'yan wa da ƙani, irin auren zumuncinmu. Shi ma yanzu ya yi ƙaranci sosai, ko da yake Naoto Kan, wanda ya yi firaminista daga 2010 zuwa 2011, 'yar'uwarsa ta wannan matakin ya aura. Da za ki tare wata mata a jirgin ƙasa ki tambaye ta ko tana iya auren yayanta, irin kallon da za ki yi wa wanda ya yi miki wannan tambayar, shi za ta yi miki.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, marubuciyar ba daga sama ta tsinto abin ba. A can da, fiye da shekara dubu da ɗari huɗu, gidan sarautar Japan ya yi auren 'yan uba. Sarki Bidatsu ya auri 'yar ubansa, wadda daga baya ta hau gadon mulki da sunan Suiko. Ubansu ɗaya, Sarki Kinmei, uwa kowa da tasa. Dalilin shi ne kada jinin sarauta ya fita waje. Amma ko a wancan zamanin, uwa ɗaya uba ɗaya abin kunya ne. Tsohon littafinsu Kojiki, wanda aka kammala a shekarar 712, ya kawo labarin yarima mai jiran gado da ya rasa sarauta aka kore shi saboda ya nemi ƙanwarsa shaƙiƙiya.

Abin da Hino ta yi, ta ɗauki wannan tsohuwar damuwa ta masu sarauta da tsarkin jini ta ɗora wa halittun da ba mutane ba. Iyayen Yuki, Haruka da Juri, wa da ƙanwa ne, saboda a cikin hikayar masu tsantsar jini sun kusa ƙarewa, kuma ba sa son a gauraya. Ki kuma dubi abin da wannan tsarki ya jawo musu: babban wansu Rido ya zama dodon gidan saboda son Juri, uwa ta ba da ranta don ta rufe asalin 'yarta ta mai da ita mutum, yarinya 'yar shekara biyar ta farka cikin dusar ƙanƙara ba ta san ko sunanta ba. Wannan ba tallar auren gida ba ce. Kuma in kin bi littafin za ki tarar Kaname ma ba yayan nata ba ne na haƙiƙa, kakan kakannin gidan ne da Rido ya tayar daga dogon barci. Ko wannan ya gyara lamarin ko ya ƙara dagula shi, ke da ƙawayenki ku yanke. Ni dai a nan na ga marubuciyar ta so ta ci tuwo biyu da miya ɗaya: ta girgiza masu karatu, sannan ta samu ƙofar fita. Ban ji daɗin wannan dabarar ba, kuma har a can akwai waɗanda suka ajiye littafin a daidai wurin.

Wani abin da ya ba ni dariya a saƙonki, kin ce ai Zero ma ɗan'uwanta ne tunda gida ɗaya suka tashi. Riƙo ne kawai. Shugaban makarantar, Kaien Cross, shi ya ɗauke ta, daga baya ya kawo Zero bayan an kashe iyayensa. Ba jini, ba nono. Ko a wajenmu ayar Suratun Nisa'i da ta jero matan da aka haramta ta ambaci 'yan'uwa na jini da na shayarwa, ba ta ambaci ɗan riƙo ba. Da a unguwarmu ne, da tuni tsofaffi sun ce tuwona maina.

Batun maita kuwa, ki raba su. Mai shan jinin nan baƙo ne a Japan, daga Turai ya zo, ta hanyar labarai irin na Dracula da aka buga a Ingila a 1897. Sunan da suke kiransa, kyuketsuki, ma'anarsa dodo mai tsotsar jini. Wata marubuciya, Moto Hagio, ita ce tun a 1972 ta mai da shi kyakkyawan yaro mai baƙin ciki a littattafan 'yan mata, su Kaname jikokin wannan ne. A addininsu na gargajiya, Shinto, jini ƙazanta ne da ake tsarkaka daga gare shi. Abin da ya fi kusa da camfin jini a wajensu shi ne tambayar rukunin jininki, A ne ko B ko O, wai don a san halinki. An tambaye ni ya fi a ƙirga. Maye a bakin mutanenmu kuwa ba haƙori yake sa wa ba, kurwa ake cewa yana kamawa, kuma ba a littafi yake ba, maƙwabciya ce ake nunawa da yatsa. Ina yarinya na ga tsohuwar da aka tilasta wa tsallaka mara lafiya a gaban jama'a, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, jikokinta kuma suka rasa masu aure. Don haka kalmar nan kada ki riƙa wasa da ita, ko a kan zane.

Kin ce in faɗa miki tsakani da Allah wa na fi so. Zero. Yaro ne mai baƙin rai, ba ya gaisuwa, amma bai taɓa tsara rayuwar yarinyar nan a bayan idonta shekara goma yana murmushi kamar Kaname ba. Maƙwabciyata Kaname take so, mun sha faɗa a kai da shayi a gabanmu.

Littattafai uku na farko suna nan a ƙasan akwatina, na Japananci, 'yarta ce ta ba ni ranar da za mu taso. In kin zo hutun Sallah sai ki duba zanen, ki ga yadda fim ɗin ya rage masa kyau. Ki taho mini da man zafin nan da na bari a ɗakin mamanki, kuma ki gaishe da babanki, ki ce masa har yanzu ina jiran kiran da ya ce zai yi.

Gwaggonki