Amsa: me ya haɗa ciwon sukari da zuciya?

Malama, kin ce sukari kawai Mama take da shi, amma likita ya ƙara mata maganin hawan jini da na rage kitse a jini, har kina tunanin an cika mata ƙwayoyi. Don Allah kada ki bari ta ajiye ko ɗaya.

Aikin insulin, wani sinadari da jiki yake samarwa, shi ne shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Idan kitse ya taru a tumbi sai jiki ya daina jin insulin sosai, shi kuma ya riƙa zubo shi da yawa. Yawan nan yana sa ƙoda riƙe gishiri, jini ya hau, hanta ma ta ƙara tura kitse cikin jini. Sukarin kuwa yana cin bangon jijiyoyin jini a hankali, kitse ya samu wurin maƙalewa, hanya ta ƙuntata. Shi ya sa haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga mai sukari ya kai kusan ninki 2. Ga kuma shekarunta: bayan ɗaukewar al'ada sinadarin estirojin yana raguwa, kariyar da yake ba jijiyoyi ta ragu.

Abin da ya fi damuna, sukari yana dakusar da jin zafi. Gwaggona ba ta taɓa kukan ƙirji ba, haki kawai take yi daga ɗaki zuwa madafa, ashe zuciya ce.

Ki riƙa auna mata hawan jini a gida, yawanci ƙasa da 130/80 ake nema. A rage gishiri da dunƙule a miya, ta riƙa tattaki minti 30 bayan la'asar. Allah ya ba ta lafiya.