Tambaya da Amsa: Jarrabawar Lasisin Dillancin Gidaje a Amurka

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni mazaunin birnin Hustan ne a jihar Teksas, ina tuƙin Uber da dare. Na kammala karatun awa 180 na neman lasisin dillancin gidaje ta intanet, saura wata guda in shiga jarrabawa. A gwajin da nake yi a gida ba na wuce kashi 60 cikin 100, kuma lissafi ne ya fi tsorata ni. Ta ina zan ɓullo wa abin? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba da sa'a. Ina ganin ka ɗora tsoronka a inda bai dace ba. Lissafin da ke cikin jarrabawar nan kaɗan ne, kuma bai wuce ƙari, ragi, ninkawa, rabawa da kashi cikin ɗari ba. Abin da ke kayar da mutane shi ne doka da sha'anin wakilci, wato sanin wanda kake wa aiki da abin da ya hau kanka a kansa.

Jarrabawar Teksas kashi biyu ce, ɓangaren ƙasa baki ɗaya da ɓangaren jiha. Hukumar TREC, mai kula da dillancin gidaje a Teksas, ita ke ba da lasisi, kamfanin Pearson VUE kuma shi ke gudanar da jarrabawar a kwamfuta, a cibiyoyinsa. Kowane ɓangare sai ka ci kashi 70 a karan kansa, makin ɗaya ba ya cike giɓin ɗaya. In ka ci guda ka faɗi guda, wanda ka faɗi kaɗai za ka maimaita. Amma in ka faɗi sau uku, sai ka koma aji ka ƙara awa 30 a kan kowane ɓangaren da ya kayar da kai, alhali takardar neman lasisinka shekara guda kawai take aiki. Saboda haka kada ka je da niyyar "bari in ɗanɗana in gani".

Mu gama da lissafin tukuna, tunda shi ya hana ka barci. Haddace waɗannan: eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce, mil ɗaya ƙafa 5,280, kuma filin da ke da mil ɗaya tsawo da mil ɗaya faɗi eka 640 ne. Sai tarkon da masu shirya tambaya suke so ƙwarai. Za a ce mai gida yana son dala 285,000 ta shiga hannunsa bayan an cire la'ada kashi 5, nawa za a sayar da gidan? Mai gaggawa zai ɗora kashi 5 a kan 285,000 ya samu 299,250, kuma zai tarar da wannan lambar zaune a cikin zaɓin amsoshi tana jiransa. Ita la'ada daga kuɗin ciniki ake cire ta, don haka abin da ya rage wa mai gida kashi 95 ne. Raba 285,000 da 0.95, ka samu 300,000. Ka yi irin wannan guda biyar kullum kafin ka fita aiki, cikin mako biyu hannunka zai faɗa.

Yanzu ga inda nake so ka zauna sosai. Mu mutane ne masu son kyautatawa, kuma wannan halin namu shi ke sa mu zaɓi amsar da ba ita ba. A ce magidanci Musulmi ya zo neman gida, kai kuma don ka taimake shi sai ka riƙa nuna masa gidajen unguwar da ka san Musulmi sun fi yawa kaɗai, ka ƙyale sauran. A zuciyarka alheri ka yi. A dokar Amurka ka karkatar da mai saye saboda addininsa, kuma laifi ne da zai iya cinye lasisi. Dokar hana wariya a harkar gidaje ta 1968 ta haramta bambanci saboda jinsin mutum (baƙi, fari ko wani), launin fata, addini da ƙasar asali. A 1974 aka ƙara zama namiji ko mace, a 1988 aka ƙara naƙasa da kasancewar yara a cikin iyali. Akwai ma tsohuwar dokar 1866, wadda a batun jinsi da launin fata ba ta yi wa kowa togaciya ba. In mai saye da bakinsa ya ce yana son gida kusa da wani masallaci, to ya ba ka wuri, sai ka nema masa a nan. Kai ne ba za ka yanke masa unguwa ba, ba kuma za ka amsa masa tambayar "wane irin mutane ne ke zaune a nan" ba.

Haka batun amana yake. Wanda ka ƙulla wakilci da shi yana da haƙƙin biyayya a abin da bai saɓa doka ba, da riƙon sirri, da sanar da shi duk abin da ka sani, da bayanin kowace dala da ta bi ta hannunka. Ɗaya ɓangaren cinikin kuwa gaskiya kawai yake bin ka, ba shawara ba. In mai gidan da kake wakilta ya faɗa maka a asirce zai iya rage farashi, ba ka da ikon raɗa wa mai saye, ko da kuwa ɗan'uwanka ne. Amma in rufin gidan yana yoyo kuma ka sani, ɓoyewa ba ta cikin riƙon sirri. Duk tambayar da ta zo da labari mai tsawo, kafin ka duba amsoshi ka tambayi kanka: wa nake wakilta a nan? Sau da yawa daga nan amsoshi biyu sun faɗi.

Wasu shekaru da lambobi ba makawa sai hadda. Gidan da aka gina kafin 1978 dole a sanar da mai saye haɗarin fenti mai dalma, a ba shi damar kwana 10 ya bincika. Takardar ƙarshe ta bayanin kuɗin rance dole ta isa hannun mai karɓar bashi kwana uku na aiki kafin ranar sa hannu. La'ada kuma ba ta da ƙayyadadden farashi, ciniki ake yi, kuma in dillalan kamfanoni daban-daban suka haɗa baki suka tsayar da ita, sun taka dokar Sherman ta 1890, mai hana haɗa baki a kan farashi.

Ɓangaren jiha shi mutane ke rainawa saboda tambayoyinsa sun fi kaɗan, to ƙarancin nasu ne ke sa kowane kuskure ya yi nauyi. Ka sauke fom-fom ɗin kwangila na TREC ka karanta su sakin layi bayan sakin layi, domin a Teksas dillali ba ya rubuta kwangila da kansa, cike gurbi kawai yake yi a fom ɗin da hukuma ta tsara. Ka fahimci yadda kamfani ɗaya ke zama mai shiga tsakani idan mai saye da mai sayarwa duk nasa ne, da rubutaccen izinin da hakan ke buƙata daga kowannensu.

Game da kashi 60 ɗinka, ni ba na ganin amfanin yawan gwaji in ba a bibiyar kuskure. Kowace tambaya da ka faɗi, rubuta dalili da hannunka a littafi. Kuma kada ka shiga har sai kana cin kashi 80 a gwajin da ba ka taɓa gani ba. In wata guda bai isa ba, ɗaga ranar. Daren jarrabawa kuma ka ajiye motar nan ka yi barci.

TAMBAYA: Yaya, ni a Niyok nake, amma maigidana yana shirin mu koma Dalas a jihar Teksas baɗi. In yi jarrabawar a nan ne ko in jira? Daga wata mai karatu.

AMSA: Ƙanwata, ki jira. Na Niyok ya fi sauƙin samu, karatun awa 77 ne, tambaya 75 cikin minti 90, amma lasisin kowace jiha a iyakarta yake tsayawa, kuma Teksas ba ta da yarjejeniyar karɓar lasisin wata jiha. Abin da za ki iya yi tun yanzu shi ne ki fara awa 180 ɗin ta intanet a makarantar da TREC ta amince da ita. In kun sauka sai ki shigar da takardar nema, a ɗauki zanen yatsunki don binciken tarihi, ki kuma fara neman babban dillalin da za ki yi aiki a ƙarƙashinsa, domin ko kin ci jarrabawa lasisin ba zai fara aiki ba sai ya ɗauki nauyinki.