Ampli mai wat 3000 ko na hannu mai kanal huɗu: wanne zan sa wa motata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Toyota Corolla, ina ɗaukar fasinja tsakanin Tawa da Konni. Na sa sababbin lasifiku huɗu a ƙofofi, an rubuta 60 W RMS da om 4 a bayan kowace, amma da na ƙara murya sai su fara karkarwa. Wani mai shago ya nuna mini sabon ampli, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, an rubuta wat 3000 a kwalinsa, jika 35. Akwai kuma wani na hannu, Pioneer mai kanal huɗu, kowane kanal wat 60, kuma ya fi sabon tsada. Wanne zan ɗauka? Ina son in ƙara babbar lasifikar bas, mai fitar da sauti mai kauri, nan gaba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya tsare hanya. Ka ɗauki na hannun nan idan lafiyarsa ƙalau. Amma bari in nuna maka dalili, don gobe kai ma ka iya aunawa da kanka ko ba na kusa.

Koma shagon, ka ce a fito maka da mai wat 3000 daga kwali, ka juya shi gefen da wayoyi ke shiga. Za ka ga fizibil, ɗan abin nan mai launi da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa. Karanta lambar da ke kansa. A irin waɗanda ake kawo mini gareji a nan Yamai, galibi guda ɗaya ne, kore, mai amper 30. To, mota idan injinta na aiki tana ba da kusan bolt 14. Ka ninka 30 sau 14, ka samu wat 420. Iyakar abin da zai iya shiga cikin akwatin ke nan kafin fizibil ya tsinke, kuma ba duka ne zai koma sauti ba, kusan rabi zafi yake zama a irin tsohon tsarin ƙirar ampli da ake kira AB. Da ƙyar za ka samu wat 250. Ampli ba ya haifar wuta, abin da ya sha daga batir shi yake juyawa. Da a ce da gaske wat 3000 yake bayarwa, da sai ya ja sama da amper 200, alhali dinamon da ke caja batir a ƙaramar mota irin taka bai wuce amper 70 zuwa 90 ba, kuma a ciki fitilu da kilim da injin kansa suke cin rabonsu.

Wancan babban adadi da ake rubutawa da MAX ko PMPO, na jan hankalin mai saye ne. Wanda ake aiki da shi shi ne RMS, wato ƙarfin da ampli zai iya riƙewa awa da awanni ba tare da murya ta lalace ba. Idan ka ga alamar CEA-2006 a kwali ko a takarda, ma'anarta an auna shi da bolt 14.4 a kan lasifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke tare wutar da ke bi ta cikinta), gurɓacewar sauti ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba. Sai dai ka lura, jabun Pioneer da Sony da Kenwood sun cika kasuwa. Ɗaga shi ka ji nauyi, duba rubutun ko ya karkace, nemi lambar samfurin a intanet ka ga ko kamfanin ya taɓa yin irinsa.

Karkarwar da kake ji yanzu ba laifin lasifikun ba ne. Rediyon mota da aka rubuta wa 4x50 W, gaskiyarsa wat 15 zuwa 20 ne a kowane kanal. Idan ka murɗa shi ya kai maƙura, sai ya riƙa yanke kan sautin yana aika wa lasifika gurɓatacciyar wuta, wannan kuwa yana iya dafa zaren wayar da ke cikinta. Na buɗe lasifiku da yawa da suka mutu ta haka: zaren ya yi baƙi ƙirin, yana warin ƙonannen fenti, mai motar kuma yana rantsuwa bai taɓa sa ampli ba. Gaskiya yake faɗa. Lasifikunka na wat 60 suna son ampli mai ba da 50 zuwa 75 a kowane kanal a kan om 4, wanda kuwa aka nuna maka ya faɗa daidai ciki.

Batun bas ma zai iya ɗauke maka shi ba tare da ka sayi na biyu ba. Kanal biyu na gaba su ciyar da lasifikun ƙofofin gaba, na baya biyu a haɗe su wuri ɗaya, abin da za ka ga an rubuta BRIDGE, su tura babbar lasifikar. Lasifikun baya ka bar su a kan rediyo, fasinjan da ke zaune kusa da su ma zai gode maka. Sharaɗi ɗaya ne, kada bas ɗin ya gaza om 4. Masu haɗa biyu masu om 4 kan waya ɗaya, + da +, − da −, suna mayar da su om 2, sai ampli ya yi ta zafi yana kunna jar fitila yana ɗaukewa. Idan wata rana ka ƙudura sayen na bas shi kaɗai, nemi ampli mai tsarin ƙira da ake kira D, wanda kusan kashi 80 na wutar da ya sha yake mayarwa sauti.

Wannan zance na zafi ina so ka riƙe shi da kyau, domin ƙasarmu ba Turai ba ce. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a inuwa, motar da ta wuni a tashar Tawa cikinta tanda ne. Kada ka yarda a binne ampli ƙarƙashin kafet, ko a wurin kaya na baya inda buhun albasa zai danne shi. Ƙarƙashin kujerar gaba ya fi, a bar masa sarari kamar yatsu uku ta sama, a ɗaure shi da kusoshi. Lokacin hunturu ka riƙa hure ƙurar da ke taruwa a haƙarƙarinsa.

Inda na fi ganin an cuci mutane shi ne waya. Ana sayar da wata mai kaurin roba, cikinta kuwa alminiyom ne da aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare bakinta da wuƙa: idan fari ya bayyana, ajiye ta. Ampli irin naka yana son jan ƙarfe zalla mai kauri milimita murabba'i 10, daga batir kai tsaye, da fizibil mai amper 40 wanda bai fi santimita 45 nesa da batir ba. Wannan fizibil ɗin ba don ampli aka sa shi ba, don motar ne, saboda ranar da waya ta goge a jikin ƙarfe shi zai hana gobara da mutane a ciki. Wayar mas, wato wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota, ta zama gajera, kaurinta ɗaya da ta wuta, a kankare fenti har ƙarfe ya fito kafin a ɗaure. Wayoyin RCA, masu kai sauti daga rediyo zuwa ampli, su bi ɗaya gefen motar, ba gefen wayar wuta ba, in ba haka ba za ka ji wani siririn kuka yana tashi duk lokacin da ka taka totur. Idan kuma rediyonka na asalin mota ne marar RCA, tabbatar ampli ɗin yana karɓar sauti daga wayar lasifika.

Kafin ka ba da kuɗi, a jona shi a gabanka, a gwada kanal huɗun ɗaya bayan ɗaya, a bar shi yana aiki minti 20, sannan ka ɗora hannu. Ɗumi ba komai ba ne, amma in ba ka iya barin tafinka a kai, fasa cinikin. Bayan an ɗaura, sa maɓallin HPF na lasifikun ƙofa, wanda ke hana sautin bas mai kauri isa gare su, a kan lamba 80. Maɓallin GAIN, mai daidaita ƙarfin sautin da ampli ke karɓa daga rediyo, ka mayar da shi ƙasa gaba ɗaya, ka kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu da waƙa ko karatun da kunnenka ya sani sosai, sannan ka riƙa ɗaga shi sannu a hankali. Da ka ji murya ta fara kaushi, koma baya kaɗan, ka liƙa masa salatif don kada yaron mota ya taɓa.