Aiki a Gidan Abinci da Karatun Jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina karatun digiri a Ingila, an kuma ba ni aiki a wani shagon soyayyiyar kaza da dankali. Ina bukatar kuɗin, amma ina tsoron kada karatuna ya samu tangarɗa. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Ka karɓi aikin, amma ka sani cewa bizar ɗalibi ta ba mai karatun digiri damar yin aikin sa'o'i 20 kacal a mako lokacin da ake karatu, kuma wanda ya wuce haka yana iya rasa izinin zama. A lokacin hutu kana iya yin cikakken aiki. A Afrilun 2025, an tsayar da mafi ƙarancin albashin mai shekara 21 zuwa sama a kan fam 12.21 a sa'a.

Abin da ya fi damuna shi ne aikin dare, domin wanda ya kwana a tsaye gaban tukunyar mai ba zai fahimci laccar safe ba. Ka nemi Asabar da Lahadi, ka sanar da manaja ranakun jarrabawarka tun da wuri, sannan ka tambaye shi lokacin hutun da za ka yi salla.